Daga Banda Zuwa Ƙanƙara: Tarihin Kifi A Tukunyar Damagaram

Duk wanda ya buɗe taswira zai ga Damagaram ba ta haɗa komai da teku ba. Daga birnin zuwa bakin teku a Legas ko Kwatano tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Babu kogi a gari, ruwan sha kansa tsohuwar rigima ce tsakaninmu da duwatsun da aka kafa birnin a kansu. Amma duk da haka, in ka zaga Kasuwar Dole, ko ka tsaya wurin masu suya da yamma, kifin da za ka yawaita gani a kasko ba na tafki ba ne. Kifin teku ne mai baƙin zane a gadon baya, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira titus, masu bokon Faransanci su ce makaro, sauran jama'a kuma su haɗa shi da danginsa su ce kifin ƙanƙara. Har garuruwa irin su Zermu, gabas da birni cikin ƙasar Mirya, yana isa a cikin katan a bayan ɗan kabu-kabu.

Yadda aka yi wannan baƙo ya shigo tukunyarmu labari ne na hanyoyin fatake, na fari, na yaƙi da na siyasa. Kuma ba don hira kawai nake son mu waiwaye shi ba. A cikinsa akwai abin da ya shafi lafiyar wanda zai ci kifin nan yau da dare.

Zamanin rana da hayaƙi

Damagaram ta girma ne a matsayin mahaɗar ayari. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu wanda ya kewaye birni da ganuwa, ya sa aka ƙera igwa, ya kuma rasu a 1884, hanyoyi uku ne suka haɗu a nan: ta Agadas da Tarabulus daga arewa, ta Kano daga kudu, da ta Kukawa daga gabas, inda ake kai wa Shehun Borno gaisuwa. Gishirin Bilma, mangul da kanwar ƙasar Manga, fatu, gashin jimina, tufafin Kano, duk ta nan suke ratsawa. Abin lura shi ne duk kayan da ya bi waɗannan hanyoyi sai wanda zai jure makonni a bayan raƙumi ko jaki. Abin da ke ruɓewa ba ya fatauci.

Saboda haka kifin da mutanen dā suka sani iri biyu ne. Na farko ɗanyen kifin tafki, tarwaɗa da karfasa, da gaiwa mai nutsewa cikin laka ta yi kwanan rani har damina ta dawo. Ana samun su a Gidimuni da tafkunan kwarin Korama, amma cinsu bai wuce mutanen da ke kusa da ruwan ba, kuma na ɗan lokaci ne a shekara. Na biyu busasshen kifi, wanda ya fito daga Tafkin Chadi da Komadugu da fadamun Haɗeja da Nguru. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sauka a Damagaram a ƙarshen 1852, ya ba da labarin cewa da zai koma gida ta hanyar Bilma a 1855 sai da ayarinsu ya yi guzurin busasshen kifi a bakin Tafkin Chadi, domin a ƙasar Tubawa da shi ake musayar kaya. Kenan a wancan zamani kifi yana iya zama kuɗi, muddin rana ta shanye ruwan jikinsa.

Duk da haka, kifi bai taɓa zama ginshiƙin abincinmu ba. Mu mutanen gero ne: fura, tuwo, miyar kuka da daddawa, nama in hali ya yi, kilishi, da fara in lokacinta ya zo. Busasshen kifi ɗanɗano ne. Kakata ta wajen uwa, wadda ta yi rayuwarta a Zermu, takan gutsiri banda kamar girman babban yatsa ta daka da tattasai, shi ke nan miyar gida guda ta samu ƙamshi. In yaro ya miƙa hannu ya ce, "Kaka, a ba ni in ci," sai ta ce, "Wannan ai na tukunya ne, ba na baki ba."

Gwangwanin Nasara

Bayan kashe Kyaftin Kazamaju a watan Mayun 1898 da yaƙin Tirmini a watan Yulin 1899, inda aka ci Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa suka zauna a Damagaram, har suka mai da ita babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926, kafin su koma Yamai. Tare da su kifin teku ya fara isowa, amma a rufe cikin gwangwani. Dabarar dafa abinci a rufe shi ruf don kada ya lalace wani Bafaranshe ne mai suna Nicolas Appert ya bayyana ta a 1810, kuma sojoji ne suka fi cin moriyarta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sannan Nguru a 1930, kayan kantin Turawa suka samu hanyar shigowa daga kudu, gyaɗarmu kuma ta bi ta nan ta fita.

Sardin ya daɗe yana abincin bariki: na soja, na akawu, na ɗan makaranta mai gata. Daga baya ne ya sauko teburin mai shayi. Sunan titus ma ana danganta shi da wani sanannen sardin na gwangwani daga Maroko mai suna Titus, wanda ya cika kasuwannin Najeriya har sunansa ya koma kan kifin ƙanƙara. Shi kuwa ainihin makaro, da yawanmu a gwangwanin Geisha muka fara ɗanɗana shi, cikin romon tumatir, ba tare da mun taɓa ganin kamanninsa ba.

Tafki ya ja baya, ƙanƙara ta matso

Abu biyu ne suka faru kusan lokaci guda. Na farko, ruwan da muke dogaro da shi ya ragu. A farkon shekarun 1960 faɗin Tafkin Chadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, kuma a lokacin ne cinikin banda ya bunƙasa saboda zuwan komar roba da motoci. Sai farin 1973 da na 1984 suka zo, tafkin ya tsuke har bai kai kashi ɗaya cikin goma na yadda yake ba, Ngigmi da ke bakin ruwa ta wayi gari a kan tudu. A kudu da mu kuma, madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Bandar da ta rage kuwa mafi yawanta kudu take nufa, Anacha da Legas, inda ake biya da tsada.

Na biyu, sana'ar ƙanƙara ta kankama a bakin teku. A 1957 wani ɗan kasuwar Najeriya, Michael Ibru, ya fara shigo da daskararren kifi. Da farko mutane sun ƙi shi, Yarabawa ma suka laƙaba masa suna oku Eko, wato gawar Legas. Amma araha ta fi gardama ƙarfi. Cikin 'yan shekaru ɗakunan sanyi suka bazu har Kano, kuma daga Kano zuwa Damagaram bai kai tafiyar kilomita 250 ba. Ta ɗaya gefen, motoci masu sanyi suka riƙa tasowa daga Kwatano, su ƙetare gadar Gaya, su hau babbar hanyar da ta bi ta Doso da Ƙonni da Maraɗi. Ta fuskar addini ba a samu cikas ba, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ba ya buƙatar yanka.

Rikicin Boko Haram ya ƙarasa abin da fari ya fara. An far wa Baga, babbar kasuwar kifin tafki, a watan Janairun 2015, kuma a watan Fabrairu gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa, aka hana su da cinikin kifi na tsawon shekaru. Banda ta yi wuya, ta yi tsada. Gurbin da ta bari, katan ɗin ƙanƙara ne ya cike shi.

Wane ne wannan baƙo?

Ya kamata mu san wanda muke ci. Titus na asali, mai zane baƙi a kan baya mai ruwan shuɗi da kore, ɗan arewacin Tekun Atlantika ne, ruwan Norwe da Sikotland da Ayaland da Aisland. Yana da ɗan'uwa mai babban ido da ake kamawa a ruwan Maroko da Muritaniya da Senegal. Akwai kuma wanda ake yawan haɗa su a kasuwa alhali ba gidansu ɗaya ba, wato shinshar, ko kote a bakin 'yan Najeriya. Ana gane shi da layin ɓawo mai tauri da ke gefen jikinsa wajen wutsiya, kuma bai kai titus mai ba.

Mafi yawan kifaye suna da jakar iska a cikinsu wadda ke riƙe su a tsakiyar ruwa ko da sun tsaya cik. Titus na arewa ba shi da ita. Saboda haka tun daga ƙuruciya har mutuwa iyo yake, dare da rana, cikin garke mai ɗimbin yawa. Yana zuba ƙwai daga wajen Maris zuwa Yuli a yammacin Ayaland har zuwa gaɓar Faransa da Sifen, sannan ya haura arewa kiwo, yana cin ƙananan halittun ruwa da 'ya'yan kifi. Yana balaga cikin shekara biyu zuwa uku, yana iya kai shekara ashirin.

Wannan rayuwa ta rashin hutu ita ce sirrin namansa. Kifin da ba ya tsayawa dole ya yi guzurin mai a cikin tsokarsa, shi ya sa naman gefensa ya yi duhu. Bayan zuba ƙwai yakan rame, mai ya ragu ƙwarai, amma zuwa watan Satumba da Oktoba mai na iya kai kusan kashi 30 cikin 100 na jikinsa. Shi ya sa katan biyu masu suna ɗaya sukan bambanta: wani ka sa a kasko ya yi ta tsatso mai, wani ya bushe kamar kara. Ba laifin mai suya ba ne, watan da aka kama shi ne.

Man nan kuwa ba irin kitsen sa ko na rago ba ne. Shi ne ake kira omega-3, wanda ke taimakon zuciya da jijiyoyin jini, kuma ake buƙata wajen ginin ƙwaƙwalwa da idon jariri tun yana ciki. Ga sinadarin gina jiki kusan giram 18 a kowane giram 100, ga bitamin D da B12. Da yake titus na arewa ba babban mafarauci ba ne, ba ya tara gubar makuri da yawa kamar manyan kifayen teku. A jihar da har yanzu cibiyoyin kula da yara masu tamowa ke cika duk lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kamar yadda muka gani ƙarara a 2005, yankan titus ɗaya a cikin abincin mai ciki ko yaron da aka yaye ba ƙaramin abu ba ne. A duniya kowane mutum na cin kimanin kilo 20 na kifi a shekara, Nijar kuwa tana cikin ƙasashen da ke can ƙasan jeri.

Inda gizo ke saƙa

Abin da ya ba titus daraja shi ne kuma ya sa ya fi sauran kifaye saurin juya wa mai cinsa baya. Mansa na saurin yin ɗoyi in ya sha iska, wannan kowa na iya ji a hanci. Amma akwai wanda hanci ba ya kamawa. A cikin namansa akwai wani sinadari mai yawa da ake kira histidin. In kifin ya ɗumama, ƙwayoyin cuta sukan juya shi ya koma histamin. A sanyin ƙanƙara ƙwayoyin ba sa aiki, amma a zafi irin namu na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, 'yan sa'o'i sun ishe su. Babbar matsalar ita ce da zarar histamin ya samu, wuta ba ta kashe shi. Suya ba ta kashe shi, hayaƙi ba ya kashe shi, mayar da kifin cikin firigo ma ba ya gyara komai.

Alamominsa kan bayyana cikin mintoci zuwa sa'a ɗaya ko biyu: zafi kamar na barkono a baki, fuska da wuya su yi ja, ƙaiƙayi da borin jini, ciwon kai, bugun zuciya, wani lokaci amai da gudawa. Na taɓa ganin haka a wani taron suna a unguwarmu, inda aka sayo katan tun da safe aka ajiye a inuwa sai la'asar aka soya. Kafin isha'i mata kusan shida suna susa. Wata dattijuwa ta ce da uwar gidan, "Hajiya, dama ni jinina bai haɗu da kifi ba." Amma mutum shida ba sa tashi da saɓanin jini a rana ɗaya. Kifin ne ya sha zafi. Yawanci abin na wucewa cikin yini guda, kuma akwai maganin da ake bayarwa a likita, sai dai ga mai asma ko ciwon zuciya ba abin wasa ba ne.

Ina ganin irin wannan ne ya raya tsohon zancen nan na cewa cin kifi da nono na kawo kuturta. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba, har a Ingila an yi wani babban likita, Jonathan Hutchinson, da ya dage cewa ruɓaɓɓen kifi ne ke kawo ta. Amma tun 1873 Armauer Hansen ya gano ƙwayar cutar kuturta a birnin Bergen na Norwe, ƙasar da yau take aiko mana da titus. Kifi da nono ba su da laifi. Laifin na ajiya ne.

Igiyar sanyi da siyasar iyaka

A nan ne tarihin ya haɗu da halin da muke ciki. Bandar kakanninmu ba ta buƙatar kowa: in an rufe hanya wata uku, tana nan a buhu. Gwangwani ma haka. Amma kifin ƙanƙara yana rataye ne a kan igiya ɗaya, wato sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, tun daga jirgin ruwa har hannun mai saye. Duk inda igiyar ta tsinke, a tashar jirgi, a layin motoci na bakin iyaka, ko a shagon da wuta ta ɗauke, mai ci ne zai biya.

Mun ga yadda take tsinkewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sa wa ƙasar takunkumi, hanyar Kwatano ta toshe, Najeriya ta yanke wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. Kayan teku suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Wanda ke birni yana iya samun mai injin wuta. Amma ka tuna da mai saye a kasuwar Zermu, wanda shi ne na ƙarshe a kan igiyar: katan ya bar ɗakin sanyi da hantsi, ya sha rana a bayan babur, ya zauna a tire har yamma. Shi ne ya fi kowa buƙatar wannan abinci, shi ne kuma ya fi kowa fuskantar haɗarinsa.

Can a tekun ma ba lafiya ba. Tun wajen 2010, da garken titus ya ƙara matsawa arewa zuwa ruwan Aisland, ƙasashen yankin suka kasa daidaitawa kan rabon abin da kowa zai kama, suka riƙa kama fiye da abin da masana suka ba da shawara. A 2019 aka janye wa wannan su takardar shaidar da ake ba wanda ba ya ƙarar da kifi. A Nuwadibu ta Muritaniya kuma masana'antu na niƙe ƙananan kifaye su zama garin abincin dabbobi da na kifin kiwo a Turai da Asiya. Ma'ana, arahar da ta kawo kifin teku Damagaram ba alkawari ba ce.

Abin da ya rage gare mu

Ba ina kira a bar cin titus ba ne. Akasin haka, ina so a ci, a ba yara da mata masu ciki. Sai dai a saya da ido. Kifin kirki yana da tauri kamar itace in daga firigo yake. In an narkar da shi, naman ya zama in ka danna ya dawo, cikin kada ya fashe, gefen ciki kada ya yi rawaya, domin rawaya alamar mai ya tsufa ce. Katan da ƙanƙarar cikinsa ta yi ja da jini, ko kifayen suka manne suka lanƙwashe, alama ce ya narke an sake daskarar da shi. In an saya a dafa nan take, kada a bari sai an gama aikin gida. In an ji yaji a harshe alhali ba a sa barkono ba, a ajiye, ko nawa aka saya. Masu suya na ƙauye kuma gara su ɗauki rabin katan ya ƙare da wuri, da su ɗauki cikakke ya kwana.

Ga hukumomi da 'yan kasuwa, rana da ke lalata kifin ita ce kuma za ta iya tsare shi. Firigo mai aiki da hasken rana a kasuwannin mako irin na Zermu da Gidimuni ba abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko ƙungiyar mata ba ne. Haka nan tafkunanmu da yashi da kacalla ke cinyewa suna buƙatar yasa da zuba 'ya'yan kifi a kai a kai, kuma sana'ar banda ta cancanci a raya ta da murhu mai tsabta, ba a bar ta ta mutu da tsofaffi ba.

Damagaram ta daɗe tana cin abin da ya zo daga nesa, wannan ba abin kunya ba ne, da shi aka gina birnin. Amma fataken zamanin Tanimu sun san kayansu, sun san kwana nawa kowanne zai yi kafin ya juya. Mu ma da muka karɓi kifin ƙanƙara, wajibi ne mu san halinsa kamar yadda suka san halin gishiri da kanwa. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci.